Katantanwar dutse daga Ewekoro: me ya sa malami ya sa wa sunanta alamar tambaya?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni direban tifa ne, ina zaune a Agege, kuma aiki yakan kai ni wajen Ewekoro a hanyar Abekuta. Kwanaki ina jiran lodi sai na tsinci wani dutse mai siffar katantanwa, dogo, a murɗe, yana tafiya yana tsukewa, amma kansa ya karye. Tsawonsa ya kai ɗan yatsa, jikinsa sumul, kuma ciki da waje duk dutse ne. Ƙanena da ke karatun ilimin duwatsu ya ce dabbar teku ce, sunanta Turritella. Da ya kai wa malaminsu, sai malamin ya rubuta "Turritella? sp." a takarda, ya ce iyakar abin da za a iya faɗa ke nan. Muka duba intanet muka ga masu kama da shi da sunaye har kala uku. Shin malamin bai sani ba ne, ko su masanan ne kansu bai haɗu ba? Sannan ko abin yana da kuɗi?

Daga wani mai karatu, Agege, Legas.

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya tsare hanya. Ƙanenka bai yi nisa da gaskiya ba, amma malaminsa ya fi shi kusa da ita. Da ni aka kawo wa dutsen nan yadda ka siffanta shi, abin da zan rubuta ke nan, ko ma in ƙara ja da baya in rubuta sunan dangin kawai, wato Turritellidae, in ajiye biro.

Batun cewa dabbar teku ce, wannan babu ja. Dutsen da ake haƙa a Ewekoro da Shagamu da Ibese don yin siminti farar ƙasa ce da ta taru a ƙarƙashin teku marar zurfi a zamanin da ake kira Faliyosin, tsakanin shekara miliyan 66 zuwa miliyan 56 da suka wuce. Shimfiɗar ta faro tun daga kudu maso gabashin Gana, ta ratsa Togo da Binin, ta shigo jihar Ogun. Kaso mai yawa na dutsen ma ƙwanson dabbobi ne da ya farfashe ya manne da juna. Shi ya sa za ka tsinci irin wannan a can, amma ba za ka taɓa samunsa a cikin tsakuwar giranait da ake zuba wa a kankare a Legas ba, don ita daga narkakken dutse ta samu. Ƙwanson da kake gani a yashin da ake yasowa daga lagun, wato tafkin bakin teku, kuwa na jiya-jiya ne, bai zama dutse ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne: abin da ke hannunka ba ƙwanson ba ne. Yawancin dodon koɗin teku suna gina ƙwansonsu da wani sinadari da ake kira aragonait, wanda ruwan da ke ratsa dutse yake narkarwa a hankali. Kawa, dabbar ruwa mai ƙwanso biyu, da dangoginta sun fi amfani da kalsait, wanda ya fi jurewa, shi ya sa ake samun ƙwansonsu garau a cikin dutsen da katantanwa ta ɓace. Bayan dabbar ta mutu, laka ta cika cikin ƙwanson ta daskare, daga baya ƙwanson ya narke, sai cikon ya rage. Ka ɗauki tuwon da aka malmala a ƙoƙo mai zane. Malmalar za ta fito da girman ƙoƙon da zurfinsa daidai, amma duk sassaƙar da masassaƙi ya yi a bayan ƙoƙon ba za ka ga ko ɗigonta a jikin tuwon ba. Sumul ɗin da ka ce jikinsa yake, shi ne shaidar cewa malmala ka tsinta. Idan ka duba da kyau za ka ga 'yar tazara tsakanin zagaye da zagaye, wani lokaci har tsinke zai shiga. Nan ne ƙwanson yake kafin ya narke.

To su kuwa masana, a wannan dangin, kusan duk hujjarsu a bayan ƙwanson take. Wani masani ɗan ƙasar Niyuzilan, John Marwick, ya tsara hanyar da har yau ake bi, a wani aiki da ya fitar a 1957. Abu na farko da ake dubawa shi ne ɗan tsinin can ƙoli, wanda dabbar ta gina tun tana ƙwai ko tana jaririya. Sau da yawa bai kai milimita 1 ba, sai da madubin ƙara girma ake ganinsa. Idan ya yi zagaye da yawa kuma siriri ne, alama ce jaririn ya daɗe yana yawo a ruwa yana cin abinci kafin ya sauka ƙasa. Idan zagaye ɗaya ne ko biyu masu kauri, to ƙwan babba ne kuma jaririn bai yi yawo mai nisa ba. Wannan tsinin shi ne farkon abin da ke karyewa, tun dabbar na da rai ma yakan goge. Naka ka ce ya karye.

Na biyu, igiyoyin da ke zagaye jikin ƙwanson. Manyan cikinsu an ba su haruffa, A da B da C da D, daga sama zuwa ƙasa, kuma ba yawansu a jikin babba ake kallo ba, a'a, wacce ta fara fitowa a zagayen farko-farko, wacce ta biyo ta. Katantanwa biyu za su iya girma su zama kamar an tsaga kara, amma ɗaya igiyar C ta fara fito mata, ɗayar kuma B. A wurin masana waɗannan ba 'yan gida ɗaya ba ne (gida a nan rukuni ne na nau'o'i makusanta a cikin dangi, kamar Turritella a cikin Turritellidae). Na uku, layukan girma. Dodon koɗi yana ƙara gini ne a leɓen bakin ƙwansonsa, kuma kowane ƙari yana barin siririn layi da ke nuna yadda leɓen yake a ranar. A wannan dangin layin yana lanƙwasa baya ya yi lungu, kuma zurfin lungun da inda ya faɗo, ko sama ko tsakiyar zagaye, yana raba gida da gida. Ga kuma siffar bakin kansa, wadda da ita ake ware Mesalia, 'yar'uwar Turritella da har yanzu take rayuwa a gaɓar Afirka ta Yamma. Duk waɗannan, babu ko ɗaya da malmala take riƙewa. Abin da ta bar mana shi ne tsawo, da yawan zagaye, da yadda take tsukewa.

Tsawo da tsini kuwa ba su isa shaida ba, domin dangogi da dama da ba su haɗa kaka na kusa ba sun ɗauki wannan siffar. Akwai Cerithiidae, akwai Potamididae na bakin lagun, akwai Terebridae masu farautar tsutsa da dafi, alhali Turritella tana kwance ne rabi a binne cikin laka tana tace abinci daga ruwa. Har masu sayar da duwatsun ado wannan kamannin ya ruɗa. A jihar Wayomin ta Amurka akwai wani dutse mai kyau cike da dogayen katantanwa, ana goge shi ana yin zobe da abin wuya, kuma a kasuwa har gobe da sunan Turritella ake sayar da shi. Amma katantanwar da ke ciki Elimia tenera ce, ta ruwan daɗi, wadda ta rayu a tafki wajen shekara miliyan 50 da suka wuce, ba ta taɓa ganin teku ba. Idan kun ci karo da wannan a intanet, to ga ɗaya daga cikin sunayenku uku.

Sai kuma matsala ta biyu, wadda ba ta dutsenka ba ce, ta sunan ce. Bafaranshen nan Lamarck ne ya kafa gidan Turritella a 1799, ya ɗora shi a kan wata katantanwa ta tekun Indiya da yammacin Fasifik wadda masanin halittu Linnaeus ya riga ya sa wa suna a 1758. Daga nan sai ya zama duk wanda ya tono doguwar katantanwa mai igiyoyi, a Turai ne ko Amurka ko Afirka, sai ya jefa ta cikin Turritella. Ɗaruruwan nau'o'i suka taru a gida ɗaya, tun daga waɗanda suka rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce har zuwa na yau. Masanan baya suna ta ƙoƙarin rarraba su, kuma aikin bai ƙare ba. Wasu suna ɗaukar Haustator da Torquesia a matsayin gidaje masu zaman kansu, wasu suna ɗaukarsu rassa ne a cikin Turritella, wasu kuma suna rubuta Turritella ɗin a cikin alamar zance, don su nuna cewa aron sunan suka yi kafin a samu na gaskiya.

Ko wadda ta fi kowacce shahara a tekun Turai ba ta tsira ba. Kusan shekara 200 ana kiranta Turritella communis, sunan da Risso ya sa mata a 1826. A 2019 Mathias Harzhauser da Bernard Landau suka fitar da ita zuwa sabon gida, Turritellinella. Rabin sunan na biyu ma ya canza, don an ɗauke ta a matsayin nau'i ɗaya da wata da Brocchi ya siffanta daga duwatsun Italiya tun 1814, kuma dokar sanya wa dabbobi suna ta ce wanda ya riga shi ke da suna. Yanzu Turritellinella tricarinata ake ce mata. Wannan fa dabba ce mai rai, wadda masunta ke kwasowa a raga, ana iya feɗe ta a duba. Ina ga malmalar da ta shekara miliyan 56 ko fiye a cikin dutse?

Amfanin mai rai ke nan: ana duba harshenta mai ƙananan haƙora, da murfin bakinta, da kayan cikinta, da ƙwayoyin gadonta na DNA. Akwai wata ƙatuwar katantanwa a duwatsun kewayen Faris da takan kai santimita 60, wadda Lamarck ya sa a cikin Cerithium saboda kamanni. Daga baya aka ba ta gidanta, Campanile. Sai aka yi dace nau'i ɗaya tak na gidan ya rage da rai a kudu maso yammacin Ostireliya, kuma da Richard Houbrick ya binciki jikinsa a shekarun 1980, sai aka ga nisan da ke tsakaninsa da Cerithium ya wuce yadda ƙwanso yake nunawa. Na Ewekoro ba su da wannan gatan. DNA mafi tsufa da aka taɓa karantawa, wanda aka samo a Girinlan aka bayyana a 2022, bai wuce shekara miliyan 2 da 'yan kai ba, kuma ƙanƙara ce ta adana shi.

Akwai wata fuskar matsalar da za ka iya gani da idonka ba sai ka bar Legas ba. In ka shiga kasuwar Oyingbo ko Mil 12, tsaya wurin matan da ke sayar da ƙananan dodon koɗin nan baƙaƙe da ake kira isam, waɗanda mutanen kudu ke zubawa a miya. Ka ɗebi hannu guda ka baza a tafinka. Za ka ga wasu da ƙayoyi masu kauri a zagayen ƙasa, wasu kuma babu ƙaya sai ƙananan ƙuraje jere reras. Linnaeus ya ga waɗannan biyun ya ba kowanne sunansa a 1758, ɗaya fuscatus, ɗaya radula. Yau an san nau'i ɗaya ne, Tympanotonos fuscatus, kuma in ka yi haƙuri ka tona za ka samu na tsakiya, masu ƙuraje a sama da ƙaya a ƙasa. Yanzu ka ƙaddara dukansu sun mutu sun zama dutse, wani ya tono mai ƙaya guda ɗaya a nan, wani ya tono mai ƙuraje guda ɗaya a Kotonu. Suna biyu za a samu, kuma kowannensu yana da hujjarsa. Haka sunaye da yawa suka shiga tsofaffin littattafai, daga ƙwanso ɗaya ko biyu. Ka lura kuma da abin da mai tallar ke yi kafin ta auna maka: takan sa wuƙa ta datse tsinin don a ji daɗin zuƙe naman. Daidai wurin da masani ya fi buƙata, shi take zubarwa a ƙasa.

Don haka in ka ce kan masana bai haɗu ba, akwai ƙamshin gaskiya, amma saɓanin yana da tsari. A ƙa'ida, kowane nau'i yana da ƙwanson da aka ajiye a gidan adana kayan tarihi a matsayin ma'auni, kuma duk mai gardama can zai koma ya gwada. Na yankinmu an fara siffanta su ne tun zamanin Turawa. Bajamushe Paul Oppenheim ya rubuta a kan na farar ƙasar Togo a 1915, kuma a lokacin ya ɗauke su na zamanin Iyosin ne, wanda ya biyo bayan Faliyosin. Richard Reyment ya yi aiki mai yawa a kan duwatsun Nijeriya a shekarun 1950 da 1960. Babban aikin da aka yi a kan Ewekoro kanta shi ne na Farfesa O. S. Adegoke, wanda aka buga a Amurka a 1977, mai ɗauke da hotunan ƙwanso iri-iri da sababbin sunaye masu yawa. Wannan ne littafin da ya kamata ƙanenka ya nema a laburaren sashensu, ya bar hotunan intanet, waɗanda galibinsu na Turai da Amurka ne kuma masu sayarwa ne suka sa musu suna.

Rubutun malamin ma yana da ma'anarsa a wannan tsarin. Alamar tambaya bayan Turritella na nufin gidan ne ake shakka. "sp." na nufin ba a tantance nau'in ba. Da ya rubuta "cf." kafin sunan wani nau'i, to cewa yake a gwada da wannan, ya yi kama amma shaidar ba ta cika ba. Da "aff." ya rubuta, cewa yake ɗan'uwan wancan ne na kusa, amma da alama wani ne daban. In an rasa dangin da za a sa dabba gaba ɗaya, sai a rubuta "incertae sedis". Ni a ganina ɗalibin da ya iya sa waɗannan alamomin a inda ya dace ya fi wanda ya haddace sunaye 500, kuma na fi sakin jiki da takardar da na ga alamar tambaya jefi-jefi a cikinta a kan wadda kowane guntun dutse ya samu cikakken suna.

Za ka iya cewa, to mene ne abin damuwa, a sa masa kowane suna mana, wa zai yi ƙara? Ga inda abin yake da nauyi. A Kalambaina kusa da Sakkwato, inda ake yin siminti, akwai farar ƙasa ta wannan zamanin na Faliyosin, ita ma cike da ƙwanson dabbobin teku. Tekun da ya kwanta a can ta arewa ya shigo, ta cikin Sahara, ya ratsa Mali da Nijar. Tun kafin wannan lokacin ma ruwan ya taɓa rufe yankin, har aka tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban teku mai jan ciki da aka sa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Masana sun daɗe suna muhawara a kan ko tekun Sakkwato ya haɗu da na kudu a zamanin Faliyosin, da kuma ta inda ya bi. Babbar hujjar da ake kafawa ita ce a jera dabbobin can da na nan a ga nawa ne iri ɗaya. To in wani ya ga malmala a Kalambaina ya yi mata suna da ka, wani ya ga wata a Ewekoro ya ba ta wannan sunan, sai na uku ya zo ya karanta takardun biyu ya ce ga shaida teku ya haɗu. An gina mashigin ruwa na ɗaruruwan kilomita a kan zato biyu. Da sun sa alamar tambaya, da na ukun ya san bai kamata ya jingina da su ba. Haka abin yake wurin gane shekarun dutse, wanda masu neman mai da masu haƙar ma'adinai suke dogara da shi, kodayake su sun fi amfani da ƙananan halittun da sai da madubi ake gani.

Batun kuɗi kuwa, kada ka sa rai. Irin wannan malmalar tana da yawa, kullum injin niƙa yana haɗiye dubbanta tana zama siminti. Darajarta ta ilimi ce, ita ma sai an san daga inda ta fito.

In Allah ya sa ka sake komawa, kuma masu wurin suka ba ka izini (kada ka kusanci bangon da ake fasawa da nakiya, tarin da aka riga aka zubar ya ishe ka), ga abin da ya fi amfani ka nema. Duk inda malmala ta fito, ta bar rami a jikin dutsen da ya rufe ta, kuma a bangon wannan ramin ne zanen bayan ƙwanson ya kwanta, da igiyoyinsa da layukan girmansa, wani lokaci har da tsinin. Mutane sukan ɗauki malmalar don ita ce mai kyan gani, su jefar da ɓarin da ke da ramin, alhali shi ne mai shaidar. Ka ɗauko su tare. A ɗakin bincike ana zuba roba mai ruwa a ramin, in ta bushe a ɓare ta, sai ga siffar katantanwar kamar yadda take tana da rai. Ka kuma duba ɓangarorin dutsen masu laushi, domin a Ewekoro akan dace da waɗanda ƙwansonsu bai lalace ba, kuma ƙanana sun fi manya amfani tunda su ne ba su rasa zagayen farko ba. Kada ka wanke da ruwan batir ko ka kankare da ƙusa, tsohon buroshin haƙori da ruwa sun isa. Ka naɗe kowanne daban a takarda, ka rubuta ranar da wurin, da launin dutsen, da ko daga sama aka fasa shi ko daga ƙasan ramin in masu aikin sun sani. Guda 20 daga wuri ɗaya sun fi guda ɗaya mai kyau, saboda dalilin da ka gani a tafinka a Oyingbo. Sai ƙanenka ya mayar wa malamin nasu, ko a kai gidan adana halittu na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Da ramin da ya riƙe igiyoyi da layukan girma, akwai kyakkyawan zaton a goge alamar tambayar, ko kuma a canza sunan gidan gaba ɗaya.